Ga ƙiba ga suga ga gwiwa, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Satin nan saƙonnin da suka taru kusan duk kuka ɗaya suke, jiki yayi nauyi, shekaru sun fara ja, ga kuma ciwo ya shigo ya tare hanya, shi yasa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum ina tuna muku ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jidda, ba likitan da ya duba ku bace, kuma sunaye duk na cire.

TAMBAYA daga Makka

Salam Malama, dan Allah ki taimaka min da shawara dan wallahi abin ya isheni. Shekarata 48 ina zaune wajen Sharar Mansur, 'ya'yana shida na ƙarshen aiki aka min aka ciro shi, tun daga nan cikina bai koma ba. Yanzu kilo 97 nake kuma ni ba doguwa bace. Shekara biyu kenan da akace inada suga ana bani Glucophage da Diamicron, gwajin tarakumi na ƙarshe, wato na yadda sugan ya kasance a watanni ukun baya, 8.4 ya nuna, ana kukan targaɗe sai ga karaya gwiwata ta dama ta kama ciwo yanzu a kujera nake sallah, rabona da inyi ɗawafi da ƙafata anfi shekara alhali ga Harami kusa dani, wannan yafi gwiwar yi min ciwo a rai. Duk sanda naje mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, sai duktur yace ki rage ƙiba ki rage ƙiba amma bai taɓa cemin ga yadda zanyi ba. Na sayi wani shayin rage tumbi riyal 150 wajen wata mata, kwana huɗu ina zaryar banɗaki na sauke kilo biyu, ina dainawa suka dawo har da ƙari. Na gwada ƙin cin abinci da rana sai jiri da rawar jiki su kamani, dare nayi in zauna in rama duk abinda ban ci ba. Kuma abincin sayarwa nake a gida, tuwo da masa da dambu, kullum ina gindin tukunya. Ga mutanen hara, wato unguwa, kina ɗan faɗawa za'a fara ko maigidan ne ya daina cefane. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya baki lafiya ya maida ke ɗawafi da ƙafarki. Bari in fara da shayin nan tunda shi ya ci miki riyal 150. Yawancin irinsu abinda ke ciki sanamakki ne, ɗan uwan filaskon da muka sani a gida, maganin wankin ciki ne kawai aka zuba a kwali mai kyau. Kilo biyun da kika ga sun tafi ruwa ne da abinda ke hanji, kitse ko gezau bai yi ba, kuma zawon kwana huɗu a zafin Makka ga mai suga ba wasa bane, ƙoda ce take biyan bashin, balle kina kan Glucophage wanda ba a so a sha shi jiki na bushe. In akwai saura ki zubar, kar ma ki ce zaki bawa wata.

Abinda yafi tayar min da hankali a saƙonki shine jirin nan da rawar jiki. Wannan yafi kama da suganki ne yake faɗuwa. Diamicron aikinsa ya sa jiki ya fitar da insulin, kin ci ko baki ci ba babu ruwansa, to kin sha shi da safe kin hana cikinki abinci har la'asar kina tsaye kan wuta, ai dole. Ranar da kika sake jin haka ki auna, in ya gaza 70 ki ci dabino uku ko ki sha rabin kofin lemo mai suga nan take, bayan minti 15 ki sake aunawa. Sannan kafin ki fara rage abinci da gaske ki koma wajen duktur ɗin nan da maganarki a shirye, ki ce masa zan fara rage ci da tafiya, sugana yana faɗuwa in na jinkirta abinci, ya za'a yi da Diamicron. In kika tambaye shi haka zai baki amsa, domin maganin ne sai an gyara shi yayin da nauyi ke sauka. Ke dai kar ki rage ko ki daina da kanki.

Yanzu batun kilo nawa. Ki cire kilo 60 na zamanin 'yanmatanci daga ranki, ba can muka dosa ba. Ki sa wa ranki kilo biyar zuwa goma cikin wata shida, wato rabin kilo ko ƙasa da haka a sati. Nasan zaki raina, amma duk kilo ɗaya da ya bar jikinki nauyin da gwiwa ke ɗauka a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu, kinga kilo biyar ya zama ashirin kenan a wajen gwiwa. Sugan ma haka. Akwai binciken da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2017 kan waɗanda suga bai wuce shekara shida da kama su ba, kusan rabinsu sugan ya lafa har suka ajiye magani bayan shekara ɗaya, kuma cikin waɗanda suka sauke kilo 15 zuwa sama fiye da takwas cikin goma ne suka samu haka. Su an tsare su ne da abinci na musamman likitoci na bibiyarsu, ban ce ki kwaikwaya a gida ba, na kawo miki ne dan ki san shekara biyu da suga baki makara ba ko kaɗan.

Ta ina zaki fara? Ta kofi, ba ta kwano ba. Mu nan ƙasar nan rabin ƙibarmu shanta muke. Ki zauna ki lissafa tsakaninki da Allah, shayi kofi nawa kike sha daga asuba zuwa kwanciya, kowanne cokali nawa na sukari. In kofi huɗu ne cokali uku uku kin sha goma sha biyu kenan baki taɓa abinci ba tukuna, ki ɗora gwangwanin bebsi ɗaya kan kabsa wanda shi kaɗai yana ɗauke da cokali takwas zuwa tara, ga asir, wato jus na kwali, ga Vimto ga fura da aka dama da sukari. Hukumar lafiya ta duniya cewa tayi sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce kamar cokalin shayi goma sha biyu a yini ga babba, in ma zai tsaya a shida yafi, kuma wannan lissafin mai lafiya ne. Ba banza gwamnatin nan ta ɗora harajin kashi 50 kan lemon gas a 2017 ba. Ni kaina da cokali uku nake sha, na koma biyu na sati biyu, na koma ɗaya, yau in aka bani shayin walima sai inji kamar zuma aka narka min, harshe yana sabawa wallahi, na'ana'a da citta da kanumfari suna rufe gurbin. Bebsi da asir kuwa ki yanke su gaba ɗaya, ruwa da laban, wato nono, mara sukari sun isa. Dabino bazan ce ki bari ba, waye zai zauna a Makka a hana shi dabino, amma uku, ba a ajiye kwano gefe ana hira ana miƙa hannu ba.

Sai kwano. Babbar matsalarmu tire ɗaya da ake haɗuwa a kai, mutum bai san iya abinda ya ci ba sai yaga ƙasan tire. Ki zuba naki a faranti daban ko da za'a ce kin zama baturiya. Rabin farantin ganye da miya, salata, zogale, kuɓewa, mulukiyya wadda itace lalonmu, kwata kaza ko kifi ko ƙwai ko wake, sauran kwatan shine na shinkafa ko tuwo, malmala kamar dunƙulen hannunki. Ful, dafaffen waken nan, da safe abinci ne mai kyau yana riƙe ciki, tamis ɗin, burodin da ake cinsa da shi, da man da ake kwarara masa ne suke ɓata lissafi, to kwatan tamis ya isa. Kuma ke mai abincin sayarwa ki kula da ɗanɗane, masa ta farko ta ƙone gefe a jefa baki, ta biyu ta karye a jefa baki, kafin a sauke tanda kin ci shida a tsaye kuma in an tambaye ki ki rantse baki karya ba. Ki karya kumallo sosai kafin ki kunna wuta, mai ƙoshi ba ta tsintar baki.

Dare kuma sai kinyi yaƙi, dan nasan rayuwar nan, gari baya tashi sai bayan isha, ƙarfe ɗaya na dare ana buɗe burost, soyayyar kazar nan ta sayarwa. Ki ci naki tsakanin magariba da isha ki wanke hannu, in yara sun kawo nasu ki tashi daga wurin. Wadda ta ci safe da rana yadda ya kamata bata zuwa dare da yunwar kura.

Gwiwa. Zama baya warkar da ita, ƙara kashe naman cinya yake, kuma cinyar ce ke tallafe gwiwar. Ki fara da tafiyar minti goma bayan kowane cin abinci, ko cikin gida ne daga falo zuwa kicin mukayyif, wato AC, na kunne, wannan tafiyar ta bayan ci tana rage hawan suga sosai, sau uku a yini minti talatin kenan, kwana biyar ya baki minti 150 da ake so a sati. Ki guji hawa da gangaren duwatsun unguwa a farko, ki nemi shimfiɗaɗɗen wuri. Sannan kujerar nan da kike sallah a kai ki sa ta aiki, ki zauna ki miƙe tsaye ki koma a hankali sau goma, in da wuya ki dafa, sai ki zauna ki miƙar da ƙafa ɗaya ki riƙe ki ƙirga goma ki sauke, kowace ƙafa sau goma, safe da yamma. Ɗan ciwo da zai lafa kafin gobe ba komai, amma in ta kumbura ko tayi zafi ko tana maƙalewa ki tsaya a duba. Su Brufen da Voltaren na haɗiya kar ki maida su goro, suna cin ciki da ƙoda.

Ɗawafin kuma kar ki ɗauko shi da umara gaba ɗaya, Safa da Marwa kaɗai sau bakwai kusan kilomita uku ne. Ki bari sai kin iya tafiyar rabin awa a jere baki zauna ba, sai ki gwada ɗawafin nafila lokacin da ba cunkoso, da dabinonki a jaka. In takalminki ya ɓace a Harami ki aika a sayo wani, kar ki taka titi ƙafa ba komai, suga yana kashe jin ƙafa mutum ya ƙone bai sani ba, mun sha ganin haka lokacin Hajji.

Mutanen hara kuwa, ranar da aka kwantar da ke sannu kawai zasu kawo. Ki ce musu duktur ne ya sa, magana ta ƙare.

TAMBAYA daga Jidda

Hajiya barka da aiki. Ni direba ne shekara 53, wata bakwai da suka wuce ciwon zuciya ya kamani a kan aiki aka sa min ƙarfen nan da suke cewa du'ama a jijiya. Alhamdulillah na samu sauƙi na koma tuƙi amma tumbina sai gaba yake dan tsoro nake ko ɗan sauri inyi, gani nake zuciyar zata tsaya. Yarona ya sayo min agogon da ke ƙirga bugun zuciya. Abincina kuma duk a mota ne, burost da shawarma da mutabbak. Shin mai irin ciwona zai iya motsa jiki?

AMSA

Alhaji sannu, Allah ya ƙara afuwa. Tsoron nan kusan duk wanda aka sa wa du'ama yana yinsa, amma a gaskiya zaman motar nan awa goma yafi tafiya haɗari a gare ka. Zuciya ma tsoka ce, kuma likitocin zuciya da kansu suke tura masu irin ciwonka atisaye, akwai ma shiri na musamman da ake yi a wasu asibitoci inda zaka yi tafiya kan na'ura ana kallon bugun zuciyarka. A ganinka na gaba ka tambayi likitanka kai tsaye, an yarda in fara tafiya, kuma akwai irin wannan shirin da za'a sani? In ya baka izini ka fara da minti goma a shimfiɗaɗɗen wuri, duk sati ka ƙara minti biyar har ka kai talatin. Kai da ke Jidda ga Kornish na bakin teku ga mamsha, hanyoyin masu tafiyar ƙafa, a unguwanni, bayan sallar asuba ko bayan isha, banda tsakar rana da zafi da gumin teku.

Agogon yaro an gode masa amma kar ka dogara da shi, dan mafi yawan masu du'ama ana basu magani irin Concor wanda ke rage saurin bugun zuciya, sai kaga lamba ƙasa ka zaci baka yi komai ba ka ƙara wuta. Ma'auninka bakinka ne, in kana tafiya kana iya magana amma baka iya jan waƙa ko dogon karatu ba to daidai kake, in maganar ma ta gagara ka sassauta. In kuwa kaji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ɗauke ba dalili, ka tsaya ka zauna, in bai lafa cikin 'yan mintuna ba a kira motar asibiti a 997, kuma dan Allah kar ka ce kai direba ne zaka kai kanka. Magungunan tsinka jini irin su asfirin da Plavix ko kwana ɗaya kar ka tsallake ba da sanin likita ba, su ke hana ƙarfen toshewa.

Tumbi kuma ka samo tef ɗin tela ka auna daidai cibiya, abinda ake so kar ya wuce rabin tsawonka, mai tsawon santimita 170 kar ƙugunsa ya wuce 85. Wannan yafi sikeli faɗa maka gaskiya. Abincin mota bazan ce ka bari kwata kwata ba dan nasan aikin, amma tun 2019 an tilasta wa gidajen abinci a nan su rubuta yawan kalori gefen kowane abinci, ka fara karantawa zaka sha mamaki. Gasasshiyar kaza maimakon soyayya, a cire baɗaɗis, wato soyayyen dankali, da tumiyya, mayonis ɗin tafarnuwar nan, da bebsi, rabin burodin ka bar shi. In uwargida na kusa a ɗan zubo maka na gida a kula, a rage gishiri da magi, gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai cokalin shayi cikakke ba. Baka ambaci taba ko shisha ba, ina fata dan babu ne, in akwai to ita ce farkon abin ajiyewa tun kafin tumbin.

TAMBAYA daga Madina

Anti ni shekarata 44 banda suga amma inada hawan jini kuma kilo na 105. Ƙawata tana yin allurar Ozempic ta zube sosai tace zata samo min wajen wani mai kawowa da sauƙi ba sai naje asibiti ba. In karɓa?

AMSA

A'a ƙanwata, ba ta wannan hanyar ba. Allurar ita kanta ba ƙarya bace, tana aiki, maganin suga ce asali aka fitar da ita a Amurka a 2017, daga baya a 2021 aka fitar da mai ƙarfinta mai suna Wegovy dan rage ƙiba, kuma a gwaji mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya da 'yan watanni. Mai nauyinki da hawan jini tana cikin waɗanda likita zai iya rubuta wa, shi yasa ma nake cewa kije ta ƙofa. Na wajen mai kawowa baki san me ke ciki ba, a 2024 hukumar lafiya ta duniya da kanta tayi gargaɗi kan jabunta, ga shi abu ne na firij, wanda ya kwana a but ɗin mota a zafin Madina sunansa kawai ya rage. Kuma akwai tambayoyin da sai an miki, ko kina neman haihuwa dan ba a yinta da ciki, ko kin taɓa ciwon matsarmama, ko akwai wani irin kansar maƙoshi a danginku. Tana sa tashin zuciya da amai da taurin bayan gida musamman a farko shi yasa ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali.

Abinda ƙawarki bata faɗa miki ba, watakila dan ita ma bata kai wurin ba, waɗanda suka daina an ga kusan kashi biyu cikin uku na abinda suka sauke ya dawo cikin shekara. To ki lissafa kuɗin wata wata tun yanzu, kuma duk abinda na faɗa wa Hajiyar Makka a sama kan shayi da faranti da cin dare ke ma naki ne, da allura ko babu. Ki nemi a duba miki tarakumi da maƙoshi a tafiya ɗaya.

TAMBAYA daga Makka

Malama wai gaskiya ne in mutum ya ɗaure cikinsa da leda ya fita tafiya da rana yana zufa kitsen ciki yana narkewa? Mamanmu ce take so ta gwada, shekararta 57 tana da hawan jini.

AMSA

'Yata ki ɓoye ledar. Zufa ruwa ce da gishiri, Mama tana shan zamzam kofi biyu nauyin zai dawo inda yake, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 45 mai shan maganin hawan jini tana iya yanke jiki ta faɗi a hanya. Ki riƙa rakata bayan isha ko ku shiga mol ku zaga cikin sanyi, da gorar ruwa a hannu, amma ku bi ta nesa da ɓangaren abinci.

Waɗanda suka turo tambaya kan azumi da suga na gani, sun yi yawa ne shi yasa na ware musu fitowa ta gaba, mai son ƙarawa ya rubuto min da sunan magungunan da yake sha da sakamakon tarakuminsa na ƙarshe.